Shin ƙara wa mota ƙarfin wuta ne ke kashe distiribita?

Tambaya: Ina da Honda Civic mai injin B16A da nake wasan gudu da ita. Na sa mata akwatin wuta na MSD 6AL mai ƙara ƙarfin tartsatsin fulogi, da kwail na waje mai ƙarfi, da manyan wayoyin fulogi. Tun daga nan distiribita ta mutu har sau biyu. Makanikena ya ce kayan da na ƙara ne ke cinye ta, in cire su. Wani abokina a Amurka mai Ford Mustang ya ce tasa ma ta lalace bayan irin wannan aikin, amma an ce masa ba laifin akwatin ba ne. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Malam, makanikenka bai yi ƙarya ba, sai dai bai kai maganar ƙarshe ba. Kayan ƙarin wuta suna iya kashe wasu sassa na distiribita, akwai kuma sassan da ko kusa ba ruwansu da su. Saboda haka kafin ka kwance waya ko ɗaya, nemo distiribitocin nan biyu da aka cire, in ba a jefar da su ba, ka buɗe su a kan tebur. A cikin distiribitar Honda irin taka akwai murfi da rota masu raba wuta ga fulogogi, akwai igineta, wato na'urar da ke kunna wutar kwail tana katse ta, da kwail na asali, akwai sensoci masu gaya wa birenbos, wato kwamfutar mota, inda fistan yake, sannan akwai sandar tsakiya da boris da sil mai tare baƙin mai. Kowanne da abin da ke kashe shi, kuma kowanne yana barin alama. A gareji akan ce "ta mutu" kawai a sayo wata, sabuwar ma ta bi sahun ta farko, domin ba wanda ya taɓa dalilin.

Bari in fara da abin da aka fi yi wa gurguwar fahimta. Idan ka ga an rubuta volt 45,000 a kwalin kwail, wannan iyakar abin da zai iya kaiwa ne in an matsa masa, ba abin da yake turawa kullum ba. Wutar kwail tana hawa ne har ta sami inda za ta tsallaka, kuma da zarar ta tsallake bakin fulogi hawan ya tsaya. Ke nan fulogi ne ke yanke yawan volt ɗin da zai bi ta cikin distiribita. Tun 1889 wani Bajamushe masanin kimiyya, Friedrich Paschen, ya nuna cewa ƙarfin da tartsatsi ke buƙata kafin ya ratsa iska ya dogara ne da faɗin tazarar da kuma matsin iskar. A sarari, kusan volt 3,000 ke ratsa milimita ɗaya. A cikin silinda kuwa, bayan fistan ya matse iska da fetur, buƙatar takan ninka sau da dama. Inji mai lafiya da ke silo yakan nemi wajen volt 10,000. In ka taka totur har ƙasa buƙatar ta haura, in akwai turbo ta ƙara haurawa.

Muddin fulogi da waya suna lafiya, kwail na asali da mai ƙarfi kusan volt iri ɗaya za su tura. Bambancinsu yana fitowa ne ranar da wani abu ya fara lalacewa. A ce bakin fulogi ya cinye har gaf, wato tazarar bakin, ya buɗe, ko zaren cikin waya ya tsinke, ko kan waya bai zauna daram a kan fulogi ba. Kwail na asali zai hau ya kai iyakarsa ya gaza, mota ta fara mis, ka ji a jikinka, ka tafi gareji. Akwatin MSD da kwail ɗinsa ba sa gazawa da wuri. Wutar za ta ci gaba da hawa, in hanyar fulogi ta yi mata wuya ta nemi wata. Ta huda tsakiyar rota ta sauka kan sandar ƙarfe da ke ƙarƙashinta, ko ta bi jikin murfi ta ciki ta faɗa wa ƙafar murfi da wayar silindar da ke maƙwabtaka ke hawa. Duk inda ta bi sau ɗaya tana barin siririn layi na ƙuna, layin nan gawayi ne, gawayi kuma yana ɗaukar wuta, don haka gobe ta fi samun sauƙin bin wurin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aibin da akwatin ya yi a nan shi ne ya ɓoye maka gargaɗin da mis ɗin zai yi maka tun da wuri, har aka kai ga murfi ya ƙone.

Idan ka duba murfin da aka cire ka ga baƙin layi kamar an ja da fensir daga ƙafa zuwa ƙafa, ko ka kifa rota ka ga ɗan rami mai launin toka a ƙarƙashinta, to ka san inda za ka dosa: fulogi da wayoyi. Sa mita ka auna kowace waya. Littafin Honda na wannan zamanin bai yarda waya ta wuce ohm 25,000 ba, wayoyin tsere masu zare naɗaɗɗe kuwa ƙasa da haka suke nesa ba kusa ba, don haka duk wadda ta fita daban da 'yan'uwanta a cire ta. Sannan ka tambayi wanda ya yi maka aikin ko ya buɗe gaf. Da yawa suna buɗewa saboda sun ji an ce akwatin zai iya ɗauka. Akwatin zai ɗauka, amma murfin Honda ƙarami ne, kuma an ƙera shi ne don gaf na milimita 1.1. Ni ban yarda a wuce haka ba a kan wannan murfin. Masu turbo ma rage shi suke yi zuwa wajen 0.7.

Akwai kuma wata ɓarna da ke faruwa ko da komai yana daidai, wadda dole ka karɓe ta in ka zaɓi wannan akwatin. Kamfanin da ke yin sa, wanda ya taso a El Paso ta jihar Texas a 1970, ya yi suna ne da tartsatsi mai maimaituwa. Idan inji yana ƙasa da juyi 3,000 a minti, akwatin ba sau ɗaya yake harba wuta ba a kowane bugu, yana jero ta ne har kiranshaf ya juya digiri 20. Rota ba ta taɓa ƙafafun murfi, akwai 'yar tazara tsakaninsu, kuma kowane tartsatsi sai ya tsallake ta kafin ya tafi fulogi. Motar da ke yawo a gari, cikin go-sulo, mafi yawan lokacinta a ƙasa da juyi 3,000 take. Ka ga bakin rota da ƙafafun murfi suna shan ninkin abin da aka tsara musu. Za su cinye da wuri, musamman masu ƙafafun alminiyam. Masu ƙafafun tagulla sun fi jurewa.

Tartsatsin nan kuma yana canza iskar da ke kulle a cikin murfi. Yana haifar da iskar ozon da wasu sinadaran naitirojin, waɗanda in sun haɗu da laima suke zama asid mai cin ƙarfe. Iskar da ta cika da caji kuma ta fi sauƙin ratsawa, shi ya sa wuta ke tsallakawa inda ba a aike ta ba. General Motors ta gamu da wannan a distiribitar Optispark ta injin LT1, wadda ta fito a Corvette ta 1992. An dasa ta a bayan famfon ruwa, laima da ozon suna taruwa a ciki suna lalata ta, har daga baya kamfanin ya sa mata bututun da ke zuƙe iskar ciki. Wannan kayan kamfani ne tsantsa, ba wanda ya ƙara masa komai. Masu tsere sukan huda ƙananan ramuka a murfi don iska ta riƙa fita, amma a ƙasarmu ina jan kunne a kan haka. Ƙurar hunturu in ta shiga ta kwanta a jikin murfi, damina ta zo ta jiƙa ta, ko mai wankin mota ya feshe injin da ruwa mai ƙarfi, ka shimfiɗa wa wuta hanya da hannunka. Gara ka riƙa buɗe murfin lokaci-lokaci kana gogewa da tsumma mai tsabta, ka tabbata ramin iskar da ya zo da shi bai toshe ba.

Wani misalin da ya dace a sani shi ne distiribitar HEI ta General Motors, wadda ta fara fitowa a 1974, mai kwail a saman murfi. Tsakanin kwail da rota akwai ɗan guntun gawayi mai tauye wuta. In aka haɗa ta da akwati mai ƙarfi, guntun nan yana yin zafi har ya narka murfi. Shi kansa kamfanin MSD yana sayar da wani guntun mai ƙarancin tauyewa domin wannan matsalar. A nan babu musu, ƙarin wutar ne ya yi ɓarnar, amma maganinta ɗan ƙaramin abu ne da aka manta ba a canza ba.

Yanzu igineta. A nan volt ba shi ne abin dubawa ba, yawan wutar da ke gudana ne, wato amp, kuma abin da ke yanke shi shi ne ohm na ɓangaren farko na kwail. Tsofaffin motoci masu kontak-set a madadin igineta, irin Fijo 504 ta da, sun fi nuna abin a fili. Kwail mai ohm 3 a kan volt 12 yana jan amp 4, daidai abin da kontak-set ke iya ɗauka. Ɗauko kwail na tsere mai ohm 0.7 ka ɗora kai tsaye, injin yana tafiya alternato na ba da volt 14, lissafi ya kai amp 20. Zafi kuwa ba ninki ɗaya yake bi ba: in amp ya ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Bakin kontak-set zai ƙone ya yi shuɗi cikin ɗan lokaci. Haka abin yake ga na'urar PerTronix Ignitor ta farko da ake sawa a madadin kontak-set: an ce a haɗa ta da kwail mai ohm 3 a inji mai silinda huɗu ko shida, mai ohm 1.5 a silinda takwas, kuma in ka bar makulli a kunne injin a kashe tana iya ƙonewa. Iginetar Honda ma an yi ta ne daidai da kwail ɗinta. Wanda ya fitar da kwail waje ya sa wani da bai dace ba, ba tare da akwati ba, ya ɗora mata kayan da ba nata ba.

Sai dai kai kana da akwati, kuma wannan ya juya lissafin. Idan an haɗa 6AL yadda ya kamata, igineta ta daina ɗaukar nauyin kwail gaba ɗaya. Aikinta ya koma ba da sigina kawai ta farar wayar akwatin, shi kuma ya ja wutarsa kai tsaye daga batir. Kamata ya yi ta ƙara daɗewa. Don haka in ka tarar igineta ce ke mutuwa, zargina zai tafi kan haɗin waya. Akwatin yana tura sama da volt 450 zuwa kwail, kuma ƙa'idarsa ita ce wayoyinsa biyu, mai ruwan lemo da baƙa, su kaɗai za su hau kan kwail. Duk wata tsohuwar wayar mota da aka bari a wurin tana cikin hatsarin shan wannan wutar. Duba kuma wayar at, wato wadda ke mayar da wuta batir ta jikin ƙarfen mota: babbar baƙar wayar akwatin ta tafi batir ko jikin inji inda aka kankare fenti, kuma wayar at da ke tsakanin inji da bodi ta kasance da ƙarfinta. Auna cajin alternato, in yana haura volt 15 shi ma yana kashe igineta.

Kada kuma a manta da zafi shi kansa. Igineta tana sauke zafinta ne ta bayanta zuwa ƙarfen da take kwance a kai, shi ya sa ake shafa mata farin man nan mai ɗaukar zafi. Na sha ganin an ɗaura ta a bushe, ko an shafa mata giris na boris, wanda ba aikinsa ba ne. Abokinka mai Mustang zai san labarin na'urar TFI, wato iginetar Ford, wadda aka manna a jikin distiribita a miliyoyin motoci daga 1983 zuwa 1995. Zafin inji yana sa ta ɗauke wuta mota na cikin tafiya, har a 2000 wani alƙali a Kalifoniya ya ba da umarnin a janye motoci a gyara, aka yi sulhu a 2001. Waɗannan motocin ba a ƙara musu komai ba.

Akwai kuma distiribitar da ake yi wa jana'iza alhali da ranta. Wayoyin fulogi masu zallan ƙarfe a ciki suna watsa hayaniyar lantarki, kuma MSD ta hana amfani da su da akwatinta. Sensocin Honda ƙaramin sigina suke bayarwa. In wayoyinsu sun bi kusa da wayar kwail, birenbos yana rikicewa, mota ta riƙa yankewa a babban gudu, fitilar cek ta kawo lamba 4 ko 8 ko 9, waɗanda duk na sensocin cikin distiribita ne. Sai a ce ta mutu. Raba wayoyin sigina da na babbar wuta kawai yakan warkar da ita.

In kuwa ka buɗe ka ga jan gari kamar tsatsa ya bazu a ciki, ko ka juya sandar da hannu ka ji tana ƙara ko tana girgiɗi, boris ne ya tafi. In ka ga baƙin mai ya jiƙa ciki, sil ne. Waɗannan cututtukan distiribitar Honda ne na tsufa, an san su tun kafin kowa ya sa mata akwati. Distiribita tana juya rabin juyin inji, to B16A da ake kaiwa juyi 8,000 yana juya ta 4,000 a minti, a kan boris ɗin da wataƙila ya haura shekara 25. Sukurin da ke riƙe rota ma yakan kwance ya farfasa ciki. Mutum ba ya sa akwatin wuta don ya riƙa tafiya a hankali, salon tuƙinsa yana canzawa daga ranar, kuma sau da yawa gudun ne ya ƙarasa boris ɗin, laifin ya faɗa kan akwati don shi ne baƙo. Ka kuma tambayi kanka wace iri ce ta biyun da aka sa maka. Sababbi masu arha da ba a san maƙerinsu ba sukan zo da igineta da sensoci marasa ƙwari. Ni na fi amincewa da ta asali 'yar Baljiyam da aka canza wa boris da sil.

Matsalar abokinka kuwa, ina kyautata zaton ta wani gida ce daban. Distiribitar Honda a ƙarshen kamshaf take maƙale, ba ta da giya. Ta injin Ford 5.0 tana da giya a ƙasa da ke cizon giyar kamshaf, kuma ita ce ke juya famfon baƙin mai ta wata sanda mai kusurwa shida. Daga 1985 Mustang ta fara zuwa da kamshaf na ƙarfen sitil mai rola, wanda ke buƙatar giyar da ta dace da shi. In ya sayi sabuwar distiribita ta tsere mai giyar zubin ƙarfe ya zura ba tare da ya duba ba, haƙoran za su cinye juna, garin ƙarfen ya bi mai ya shiga ko'ina a injin. In kuma ya sa famfon mai mai turo da yawa, ga mai mai kauri, yana taka wuta injin bai ɗumama ba, nauyin yana kan giyar nan da ɗan fil ɗin da ke riƙe ta, fil ɗin yana iya karyewa mota ta mutu nan take. Ya zaro distiribitar ya kalli haƙoran. In sun yi kaifi kamar wuƙa, tartsatsi bai taɓa zuwa wurin ba. Ya kuma duba daidaiton rota da ƙafar murfi, domin a silinda takwas digiri 45 kacal ke tsakanin ƙafa da ƙafa, ba 90 irin naka ba, kuma duk na'urar da ke jinkirta taimin tana sa wuta ta tashi bayan rota ta gota. Ana gane wannan da tsohon murfi da aka huda wa taga da fitilar taimin.

Ra'ayina game da motarka shi ne, in B16A ɗinka yana nan yadda Honda ta yi shi, ba turbo, ba naitiros (iskar da ake fesa wa inji don ƙara ƙarfi), ba a ƙara masa matsi ba, akwatin nan ba wani doki da zai ƙara maka da za ka ji. Injin ya fito a 1989 yana ba da doki 160 a juyi 7,600 da wutarsa ta asali, kuma da zarar fetur ya kama, ƙarin tartsatsi ba ya ƙara masa ƙarfi. A irin wannan hali shawarar makanikenka ta cire shi ba asara ba ce, za ka rage wuraren da matsala ke iya ɓullowa. Amma in an taɓa injin har wutar asali tana gazawa a babban gudu, bar akwatin, ka gyara abin da gawar distiribitar ta nuna, ka mai da gaf 1.1 ko ƙasa, ka ɗauki murfi da rota a matsayin kayan sabis da ake canzawa tare da fulogi.

Abu ɗaya da nake roƙonka ka hana a yi wa motar shi ne gwajin nan na zare wayar fulogi inji yana tafiya don a gano silindar da ba ta aiki, ko buga sitata wayoyi suna reto. Wutar da ba ta da inda za ta sauka tana hawa har iyakarta ta huda abin da ya fi rauni. Kwail ɗin cikin distiribitar Honda ya yi ƙaurin suna wajen mutuwa ta wannan hanyar, da akwati kuwa rota da murfi ne za su sha, ga hatsari ga hannun mai zarewa. A zare soket ɗin injekta maimakon haka, ko a sa abin gwajin tartsatsi mai maƙalewa a jikin inji.

In nufinka ka kai injin matakin turbo mai matsi sosai, akwai inda murfi da rota ba za su ƙara ɗauka ba komai ingancinsu. Kamfanonin da kansu sun bar hanyar: injin LS1 na General Motors ya fito a 1997 da kwail ɗaya ga kowace silinda, Honda ma ta yi haka a jerin injinan K da suka gaji B. Ana yi wa B16A wannan juyin, a bar distiribita tana aikin sensa kawai, babbar wuta ta daina bi ta cikinta, sai dai yana buƙatar birenbos ko ƙarin na'urar da za ta iya sarrafa kwail huɗu, da riwaya wanda ya taɓa yin aikin.